Yadda zaka taya ɗan makarantarku aikin fim ɗin animeshon ka fito da abin nunawa

Duk wanda ke karatun animeshon, wato fim ɗin zane mai motsi, ya san lokacin nan da 'yan ajin ƙarshe ke fara yawo da jajayen idanu, kowa ya rungume laftof kamar jariri, suna neman wanda zai kama musu ko da shafa kala ne. In kana ajin farko ko na biyu toh kada ka kauce musu, su ne makarantarka ta biyu. Ni dai abin da na koya a wata uku da nayi ina taya wani na gaba da ni fim ɗinsa na kammala karatu ya fi abin da na koya a duk zanen ƙwallo mai tsalle da muka yi ta maimaitawa a aji, ba wai na raina darasin ƙwallon ba, shi ne tushe, amma in aikin naka ne kai kaɗai ba mai cewa hancin wannan mutumin ya canza tsakanin firam (hoto ɗaya a jerin hotunan fim) na 12 da na 14, kai ne mai zane kai ne alƙali, kuma alƙalin nan yana da sassauci sosai.

Bari in fara da lissafi don ka gane me yasa suke buƙatarka. Fim yana tafiya ne a firam 24 duk daƙiƙa ɗaya. Yawanci a zanen hannu ba a zana duka 24 ɗin, ana riƙe kowane zane firam biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Fim ɗin minti 3 daƙiƙa 180 ne, firam 4320 kenan, ko da an yi biyu-biyu zane 2160 ne, kuma wannan fa in mutum ɗaya ne kawai ke motsi a allon, ba a yi maganar bango ba, ba inuwa, ba kala, ba sauti. Mutum ɗaya ba zai iya ba a zangon karatu ɗaya sai dai ya rage labarin ko ya rage barci, yawancinsu kuma biyun suke ragewa. Don haka kada kaji kamar alfarma kake roƙa, shi ma yana neman hannu.

Wa zaka taya

Ba kowane furojet ake shiga ba. Kafin kace eh, kace ya nuna maka animatik ɗinsa, wato hotunan allon labarin da aka jera su da lokaci da ɗan sauti ko da na wucin gadi ne. Wanda ke da animatik daga farko har ƙarshe ya san tsawon fim ɗinsa, ya san shot nawa ne, wato guntayen fim daga yanka zuwa yanka, ya san wanne ne mai wuya. Wanda kuma zai ce maka ai labarin yana kaina, bari in baka shi da baki, ya fara da wata duniya mai masarautu bakwai da yaƙin dodanni alhali saura wata biyu a miƙa aiki, ka yi masa addu'a ka wuce. Ba mugunta ba ce. Zaka zana abu sati biyu ya dawo yace ya cire sin ɗin, wato wannan sashen labarin, gaba ɗaya saboda ya canza ƙarshen labari.

Abu na biyu da zaka nema shi ne takardar siffa, wacce aka zana ɗan wasan ta gaba da gefe da baya, da tsawonsa kai nawa ne, da yadda fuskarsa take in yana dariya ko fushi. In babu ita toh kowane mai taimako zai zana nasa mutumin daban a haɗa a ga kamar 'yan uwa huɗu ne ke karɓa-karɓa. Sai kuma ka duba manhajar da yake aiki da ita, in Toon Boom Harmony ce ko TVPaint kai kuma Krita kawai ka iya, ba laifi, ai koyo kazo, amma ka faɗa tun farko. In Blender ce ku tabbatar bashan ɗinku, wato lambar fitowar manhajar, ɗaya ne, don fayil ɗin da aka ajiye da sabo ba lallai ya buɗu lafiya a tsoho ba, wani abun sai ya ɓace ba tare da ya gaya maka ba.

Yadda zaka yi masa magana kuma, kada kaje da "Yaya in akwai abin da zan taimaka ka faɗa min". Wannan maganar ba ta da hannu ba ta da ƙafa, mutumin da kansa ya ɗau zafi ba shi da lokacin da zai zauna ya ƙirƙiro maka aiki. Kace masa, Yaya na ga animatik ɗinka, shot ɗin da yarinyar ke buɗe taga zan iya yi maka tsaftar layi da kala, ga irin layina, ina da awa shida a sati har ƙarshen wata. Ka ga yanzu amsar eh ce ko a'a.

Aikin da za a baka, da dalilin da bai kamata ka raina shi ba

Ba za a baka sin ɗin kuka ko na faɗa ba, ka cire wannan a ranka, mai fim ya ajiye wa kansa su. Abin da zai faɗo hannunka shi ne zanen tsakani, tsaftar layi, shafa kala, ko in 3D ne ƙananan kaya irin kujera da kofi da bishiyar da ke can baya, ko motsin mutanen da ke wucewa a bayan jarumi, ko zaman gadin renda, wato lokacin da kwamfuta ke fitar da gamammun hotunan fim ɗin. Wasu sai suji an wulaƙanta su. Hayao Miyazaki, shahararren daraktan animeshon na Japan, da zanen tsakani ya fara a situdiyon Toei a 1963, kuma har yau a situdiyoyin Japan yawanci ta nan sabon shiga ke bi kafin a yarda ya riƙe manyan zane. Ba don mugunta aka tsara haka ba, a nan hannu ke faɗawa.

Zanen tsakani shi ne inda zan daɗe don shi ne ya fi koyarwa kuma shi aka fi ɓatawa. Mai fim zai baka manyan zane, misali na 1 hannu a ƙasa, na 9 hannu a sama, sai ɗan tsani da ya zana a gefen takarda mai nuna inda 3 da 5 da 7 zasu faɗa. Wannan ɗan tsanin shi ne umarninka. In layukan sun cunkushe kusa da 9, yana nufin hannun zai rage gudu yayin da yake isowa, kada ka raba tazarar daidai wa daida don kaga hakan ya fi tsari, in ka yi haka motsin zai fito kamar na inji. Ka fara da na tsakiya wato 5, shi ne ke yanke hanyar da hannun zai bi, sannan ka cike sauran. Kuma hannu ba ya tafiya a miƙe daga ƙasa zuwa sama, lanƙwasa yake bi kamar baka saboda a kafaɗa yake maƙale, in ka ɗora zanenka a tsakiyar layi biyu kawai kamar yadda manhaja ke nuna maka su dishi-dishi, hannun zai gajarce a tsakiya ya sake tsawo, mai kallo ba zai san me ya faru ba amma zai ji wani abu ba daidai ba.

Wannan dishi-dishin da ake kira fatar albasa yana da amfani amma yana yaudara. Ka saba da juya firam gaba da baya da sauri da yatsunka a kibod, 3, 5, 3, 5, 7, idonka zai kama tsalle da girman da ya canza fiye da yadda zaka gani in suna tsaye a kan juna. Kunne da hanci da maɓallin riga su ne ke fara yawo. Shi kuma kan ɗan wasan yana son ya riƙa ƙara girma kaɗan kaɗan ba ka sani ba, sai ka kai zane na talatin ka kwatanta da na farko kaga yaro ya zama mai ƙaton kai. Maganinsa ka ajiye babban zanen farko a wata leya, wato shimfiɗar zane daban a manhaja, ka riƙa komawa kana aunawa, ba da zanen da ka gama yanzun nan kaɗai ba.

Tsaftar layi kuma, ka tambayi girman buroshin da yake amfani da shi da lamba, kada ka kimanta da ido. Ka rufe layukanka, ƙaramar ɓaraka ɗaya a gwiwar hannu ta isa in mai kala ya danna bokiti kalar ta malale ta cika allon duka, kuma in zane 48 ne sau 48 zai tsine maka a zuci. Kala ma da lambarta ake karɓa, waccan mai harafi da lamba shida, ba a ɗiba da ido daga hoton da aka turo ta WhatsApp, don matse hoton da yake yi yana ɗan taɓa kalar.

Yanzu ga nawa abin kunyar. Shot na farko da aka bani wata tsohuwa ce ke juyo da kai, daƙiƙa biyu kacal. Na duba zanen naga ai idon nan nata ya yi ƙanƙanta, hancin ma bai zauna ba, ni da nake ganin na fi shi iya fuska sai na ɗan gyara, na ƙara mata gashin ido, na daidaita haɓa. Kwana uku nayi a kai ina jin daɗi. Da ya saka shi tsakanin shot na gaba da na baya ya kunna, sai ga tsohuwa ta koma budurwa na daƙiƙa biyu ta sake tsufa. Bai yi faɗa ba, cewa kawai yayi, ƙanina zanenka ya yi kyau amma ba ita ba ce. Garin neman gira na rasa ido, na sake shi daga farko. In kana taya wani, hannunka aro ne, salonka ka ajiye shi sai naka fim ɗin. In kana ganin akwai kuskure a siffar ka faɗa da baki kafin ka taɓa, wataƙila kuskuren ne, wataƙila kuma da gangan ya yi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka auna kanka kafin kayi alkawari

Karɓi shot ɗaya tak da farko, ƙarami, ka kunna agogo. In zane ɗaya na tsafta yana cin minti 20, shot mai daƙiƙa 4 zane 48 ne, awa 16 kenan ba tare da gyara ba, kuma gyara sai ya zo. Yanzu ka san gaskiyar saurinka, ba wanda kake zato ba. Da wannan zaka ce zan iya shot uku kafin ranar kaza. Mafi yawan rigimar da na gani tsakanin ɗalibai daga nan take, mutum ya karɓi shot goma don kunya ko don zumuɗi, nasa ayyukan ajin su taso, ya daina ɗaga waya, ya riƙa canza hanya in ya hango mai fim. Wallahi gara kace ba zan iya ba tun saura sati uku da ka yi shiru har saura kwana biyu, a sati uku zai nemi wani ko ya sauƙaƙa shot ɗin, a kwana biyu sai dai ya miƙa fim da rami a ciki. Kuma kada ka bar naka darasin ya faɗi saboda fim ɗin wani, shi zai kammala ya tafi kai kana nan da maimaici.

Ka riƙa nuna aiki tun yana ɗanye. In ka gama zanen farko na gaggawa fitar da ɗan bidiyo mara nauyi ka tura, kada ka jira sai ka tsaftace ka sa kala sannan ace motsin ne bai yi ba. In ya baka gyara rubuta shi da lambar firam, firam 17 ƙafa na zamewa, firam 30 zuwa 36 a rage gudu. In yace maka "ka sa ya fi rai" kada ka gyaɗa kai ka tafi, tambaye shi, saurin ne ko tsayuwar jikin ce ko fuskar, in ya rasa yadda zai faɗa kace ya tashi ya kwatanta da jikinsa ka ɗauka a waya. Abin dariya ne amma ya fi bayanin minti goma.

Fayil

Nan ba daɗi amma nan ake kuka. Ranar farko ka tambayi abu uku, firam nawa a daƙiƙa, girman allo nawa, da yadda ake sa wa fayil suna. Kada ka ɗauka 24 ne, wasu na aiki da 25 wasu 30, kuma manhajarka tana iya buɗewa da nata saitin, in kayi shot a 30 aka saka shi a fim mai 24 bakin ɗan wasa da muryarsa zasu rabu. Girma yawanci 1920 da 1080 ne amma ka ji daga bakinsa.

Suna kuma a bi tsari ɗaya, lambar sin, lambar shot, lambar bashan, misali sc02_sh040_v03. Ana tsallaka lambar shot goma-goma ne don in an cusa sabo a tsakani a samu gurbi. Kada ka taɓa ajiye aikinka a kan fayil ɗinsa na asali, kwafa ka ƙara lamba. Sunaye irin "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske", "wannan ne wlh" duk mun yi su kuma duk mun yi nadama. In Blender ce ka tura fayil ba tare da hotunan da ka shafa wa kayan ba, shi zai buɗe yaga komai ya koma ruwan hoda mai kashe ido, don haka ka cusa su cikin fayil ɗin ko ka tura foldar duka. Renda kuma a fitar da ita hoto-hoto a PNG, ba bidiyo kai tsaye ba, in kwamfuta ta daskare a firam na 200 sai ka ci gaba daga 201, amma in bidiyo ne yawanci sai dai a koma farko. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a kan intanet ɗaya a hannunka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar da kowa ke jin nauyinta

Tunda yawanci ba kuɗi a irin wannan aikin, ladanka abu biyu ne, sunanka a ƙarshen fim da izinin saka shot ɗinka a ril ɗinka, wato ɗan bidiyon ayyukanka da kake nuna wa masu ɗaukar aiki. Ku yi maganar tun kafin ka zana layi ɗaya, kuma a rubuce, saƙon waya ma ya isa. Yaya za a rubuta sunana da wane aiki, kuma yaushe zan iya nuna shot ɗina. Na san da nauyi, musamman in abokinka ne ko yana gaba da kai, sai kaji kamar kana zarginsa, amma ba zargi ba ne, mutumin da ya kwana uku bai yi barci ba yana haɗa sunaye da asuba zai iya mance ka ba da niyya ba. Tura masa sunanka yadda kake so a rubuta shi harafi da harafi.

Shi ma yana da haƙƙi a kanka. Kada ka ɗora komai a Instagram ko wani wuri kafin ya yarda, ko da ɗan guntu ne. Yana iya son tura fim ɗin bukukuwan finafinai, irin na Annecy a Faransa da ke da sashen finafinan ɗalibai, kuma wasu bukukuwan suna da sharaɗi a kan fim ɗin da ya riga ya fita a intanet. Sannan ka tabbatar malamansa sun san akwai masu taya shi, makarantu sun bambanta, wasu sun yarda in dai an bayyana wa ya yi me, wasu suna da iyaka tunda maki ake bayarwa. Kada taimakonka ya zama abin da zai jawo masa tuhuma.

In lokacin saka shi a ril ya yi, ka rubuta gaskiyar abin da kayi a ƙasan shot ɗin, zanen tsakani da tsafta nawa, manyan zane na wane. Masu ɗaukar aiki sun san bambanci, in ka nuna shot ɗin da ya fi ƙarfinka kayi shiru gwajin farko zai tona ka. Ril ɗin ma gajere ake so, minti ɗaya ya isa ɗalibi, mafi kyau a farko. Ka ajiye ɗanyen zanenka ma ba wanda aka gama kaɗai ba, don wani lokacin shi ya fi nuna hannunka, a gamammen shot inuwa da haske sun rufe komai.

Abin da zaka sata da ido

Kada ka karɓi shot ka shige ɗaki kawai. In da hali zauna kusa da shi ko da sau ɗaya a sati, kalli yadda yake yanke shawara in lokaci ya ƙure, wane shot yake sadaukarwa, ina yake ɓoye ƙafafu a bayan tebur don kada ya zana tafiya, ina yake riƙe zane ɗaya daƙiƙa biyu ido kawai ke ƙiftawa kuma ba wanda ya lura. Waɗannan dabarun ba a cika koyar da su a aji ba don kamar ha'inci ne, amma da su ake gama fim. Roƙe shi ya buɗe maka fayil ɗin haɗawa kaga yadda leyoyi suke hawa kan juna, bango, ɗan wasa, inuwa, haske. Ranar da malami zai duba aikinsa in an yarda ka shiga ka zauna a baya kayi shiru, gyaran da za a yi masa kyauta kake samunsa shekara ɗaya ko biyu kafin naka.

Kuma ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya ci masa lokaci. Nawa har yanzu yana nan, shafin farko cewa yake, kada a fara motsi kafin a naɗi murya, kada a sa wa jarumi riga mai ratsi-ratsi, taron jama'a a nuna shi daga nesa. Rigar mai ratsin nan ni na bi ta layi-layi a shot shida, ratsi goma sha ɗaya a kowane zane, kuma duk sai sun juya tare da jiki. Da nazo nawa fim ɗin jarumina farar riga na sa masa, ko aljihu babu.